Sunan Ɗan Fari

Maganar auren Najaha da Mushe Sa'adu, wato Malam Sa'adu, ta tsaya cak ne a kan layi uku na cikin littafi. Layi uku kacal, jama'a, kuma ita ta rubuta su da hannunta.

Najaha ungozoma ce a wata matarnite, asibitin haihuwa, a Matameye. Shekara uku ke nan da mijinta ya rasu a hanyarsa ta dawowa daga ci-rani, ya bar ta da 'yarta ta fari Sadiyya, da cikin Marwan. Kullum a wurin awo tambayoyin mata iri ɗaya ne: yaushe ake fara ba jariri kunu, yaya ake yaye ba a yi kwana bakwai ana kuka ba, me ake yi wa mai fitsarin kwance. Da ta gaji da maimaitawa har muryarta ta soma dishewa, sai ta sayi kaye da bik, wato littafin rubutu da biro, ta fara rubutawa.

Rubutun ma ai sai wanda ya gani. Tsakanin wannan mai ciki da waccan take yin layi biyu a tsaye. A gida kuma tana tuƙa tuwo, Marwan na goye yana jan ɗankwalinta, kayen na kan turmi. Wani shafin duk miyar kuka, wani kuma Sadiyya ta zana masa akuya mai ƙafa biyar.

Mushe Sa'adu, malamin ajin Sadiyya a lakwal, makarantar boko ke nan, shi ke da ordinater, wato kwamfuta. Shi ya karɓi kayen ya buga, yana gyara mata ƙa'idar rubutu tana yi masa musu. Wata takwas suna wannan aiki. Kafin littafin ya kammala, malam ya riga ya kamu, ita ma kuma ba za a rantse a ce lafiyarta ƙalau ba.

Da kuɗin adashinta ta je Damagaram aka buga mata kwafi ɗari biyu, mai suna “Daga Goyo Zuwa Lakwal”. A jakarta ta aiki take yawo da shi, tana sayarwa a wurin awo da gidajen biki. Saboda matan da ba su iya karatu ba kuma, sai ta riƙa karanta babi-babi da muryarta tana turawa a wayar salula. Nan ne tsautsayin ya shigo.

A wani gidan suna, mata cike da tsakar gida ana cin waina, wata mai rawar kai ta ƙure ƙarar salularta don kowa ya amfana. Sai ga muryar Najaha tar-tar tana karanta babi na huɗu:

“Ki kira ɗan farinki da sunansa, ki rungume shi. Wani malamin lakwal ya ba ni labari, ya kusa shekara arba'in bai taɓa jin sunansa a bakin mahaifiyarsa ba, har yana yaro yakan ɗauka tsinto shi aka yi.”

To, malamin lakwal nawa ne a Matameye yake zuwa zauren su Najaha da ordinater a hammata? Kawunan matan nan duk suka juya wuri ɗaya, inda Hajiya Mariama, mahaifiyar Sa'adu, take zaune da waina a hannu. Ta ajiye wainar, ta nemi takalmanta, ta fice ba sallama.

Ranar Litinin bayan la'asar Sa'adu ya zo zaure, babu ordinater, babu fara'a. Najaha ta fito da Marwan a kafaɗa, ta shimfiɗa masa tabarma.

“Mushe, yau ko gaisuwar marubuciya babu?”

Ya yi ɗan murmushin da bai kai ido ba. “Hajiya ta ce a dakatar da kai goron.”

“Har zuwa yaushe?”

“Har sai an cire babi na huɗu gaba ɗayansa, an goge muryar. In ba haka ba, ta ce in nemi wata. Ta ce macen da ke ambatar sunan 'yar farinta a bainar jama'a har tana koya wa wasu, ba za ta iya haɗa zuri'a da ita ba.”

Najaha ta zauna daɓas a bakin tabarmar. Ranar Alhamis ɗin nan za ta ba direban taksi kile, 'yar na'urar da aka adana littafin a ciki, ya kai wa mai ɗab'i a Damagaram, bugu na biyu, domin na farko saura kwafi shida. Sa'adu ya san da haka sarai, shi ya shirya mata kilen.

“Kai kuma me ka ce mata?”

“Me zan ce, Najaha? Ba ta ma faɗa mini da bakinta ba. Ƙanwata ta aiko, ta ce ‘ki gaya wa wancan.’ Ina tsaye a ƙofar ɗaki tana kallona ake aiken.”

Da a wani lokaci ne, da Najaha ta yi dariya. Yau hawaye ne suka zo mata, suka zubo ba shiri.

“Ni na jawo,” ta ce. “Sirrinka ka ba ni, na ɗauka na zuba a littafi. Ina ganin tunda ban sa suna ba shi ke nan, na manta garin nan ko tari ka yi a tasha sai an ji a kasuwa. Na kunyata tsohuwa a cikin tsaranta. Wallahi tun ranar nan ko abinci ba na jin daɗinsa.”

“Ki daina ɗora wa kanki ke kaɗai.” Ya sunkuyar da kai yana tsinkar bakin tabarma. “Wa ya buga shafin? Ni ne. Na karanta shi ya fi sau goma. Na san za a gane, na bar shi.”

“Don me?”

“Na so ta ji.” Muryarsa ta karye. “Ni dai na so ta ji, ko sau ɗaya. Ƙannena duk tana kiran su, har da sunan wasa. Ni kuwa wancan, yaron nan, mutumin lakwal. Na san al'ada ce, na san ba ita ta ƙago ta ba. Amma sani daban, abin da ke zuciya daban.”

Marwan ya ga babba yana share ido, sai ya sauko ya miƙa masa guntun ƙuli-ƙulin da ya jiƙe da yawu. Sa'adu ya karɓa ya yi godiya kamar an ba shi rago.

“Cire babin, Najaha. Ina son ki, kin sani. Littafin zai rayu ba shi.”

“Ni ma ina son ka, har ina jin kunyar yawan son. Labarinka zan cire yau ɗin nan. Amma babin?” Ta girgiza kai tana jan hanci. “Ka san abin da nake gani a wurin aiki? Yarinya ta zo da ɗan farinta yana zawo kwana uku. Ka tambaye ta me ke damun sa, ta juya fuska bango ta ce a tambayi kakarsa. Kakar kuwa tana gona. Saboda irin su na rubuta shi. In na cire, da wane ido zan kalle su?”

Sa'adu ya sa takalmansa. Ya tashi ya tura motonsa, wato babur ɗinsa, har kwana kafin ya tayar da shi.

Labari bai kwana biyu ba ya isa kunnen Baffa Haruna, ƙanin mahaifinta kuma waliyyinta. Shi dama tun farko Alhaji Muntaka mai sitocin wake yake so, mutumin da ya yi aike har sau uku. Ranar Talata da hantsi sai ga Baffa, babbar riga na jan ƙasa, fuska fal annashuwa kamar an yi masa bushara.

“To, Najaha, kin ga ikon Allah. Mai alli ya janye, mai wake yana nan daram. Gida na siminti, mota, ga shi ya ce ki ajiye aikin nan ki huta.”

“Littafin fa, Baffa?”

“Yawwa, ai nan ne ya burge ni. Ya ce ko dubu kika buga shi zai saye duka, a zuba a sito a rufe. Ba yawon talla, ba surutun mata.”

“A sito, Baffa? To wa zai karanta?”

Baffa ya buɗe baki zai amsa. Daga cikin ɗaki Sadiyya, wadda ba wanda ya sa da ita, ta ce, “Ɓeraye.”

Baffa ya so ya ɓata rai, dariya ta ci ƙarfinsa har hularsa ta karkace. Amma da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya gyara murya.

“Wasa a gefe. Yaran nan suna bukatar uba a gida. Na ba ki zuwa Juma'a. In mutanen malamin ba su zo ba, ni zan ba Alhaji amsa, kuma kin san wadda zan ba shi.”

Ranar Laraba ranar awo ce, benci cike da masu ciki har waje. Najaha na cikin ɗaki tana rubuta kati, sai ta ji hayaniya ta ɗauke ɗif. Ta ɗaga kai. Hajiya Mariama ce tsaye a ƙofa, doguwa, da farin mayafi da carbi, tana duban ɗakin kamar mai shirin saye.

“Tansiyo na zo a auna mini.”

Tsohuwa mai shekara sittin, awon tansiyo, wato hawan jini, a ɗakin masu ciki. Najaha ta ajiye katin. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, ta ja mata kujera, ta ɗaura mata abin awo. Ta tagar ɗakin ta hango moton Sa'adu a gindin bishiyar bedi.

“Wancan ne ya kawo ni,” in ji Hajiya. “Na ce ya tafi sai na aika. Ke, rufe ƙofar nan.”

Najaha ta rufe.

“Nawa ya nuna?”

“Ya ɗan hau, Hajiya.”

“Ai dole ya hau. Ke kika hau da shi.”

Najaha ta sake zubewa ƙasa, hawaye na bin kumatunta. “Hajiya, ki yafe mini. Na yi kuskure babba. Ban yi don in tozarta ki ba, Allah shi ne shaidata. Na riga na cire layukan nan, muryar ma na goge, na roƙi mata su goge.”

“Babin fa?”

Najaha ta ɗago ta dube ta. Ta san amsar da za ta ba ta Sa'adu, ta kuma san ɗayar.

“Babin yana nan, Hajiya. Ba zan iya cire shi ba.”

Ta gaya mata zancen 'yan matan da ke juya fuska bango, da yaron da aka kawo makon jiya ya bushe kamar kara saboda uwarsa ta ji nauyin a ce ta damu da ɗan fari. Tana magana tana kuka, tana share hanci da gefen rigar aiki. Hajiya na jan carbi ba ta katse ta ba.

“Kin gama?”

“Na gama, Hajiya.”

“Taurin kai dai Allah ya ba ki. Wannan ta juya fuska yaro na zawo, sakarci ne, ba kunya ba, ki rubuta ki ƙara da ja. Amma ke da kika iya rubutu, wa ya gaya miki wadda ba ta kiran suna ba ta so? Kin zo kin tambaye ni? Kin ji gefe ɗaya kin hau bugawa. Ɗauko kayen naki.”

Najaha ta ɗauko, ba ta san inda aka nufa ba.

“Rubuta. Kada ki sa sunana, kada ki ce malamin lakwal, kada ki ce ko mai gyaran keke. Ki ce wata tsohuwa.”

Ta gyara zama, abin awon na nan ɗaure a hannunta.

“Sunan da aka sa masa na baban mijina ne. Ko ba ɗan fari ba ne, da wane baki zan kira sunan surukina a tsakar gidansa? A lokacin muna Kance. Da ya isa yaye aka ɗauke shi aka kai wa uwata a Icirnawa, ban ce komai ba, nono na yi mini zogi ina dariya da mutane. Yana shekara huɗu aka zo da labari ƙyanda ta kama shi, har an fara fidda rai. Ana faɗa a gabana, ina tankaɗe. Ban ɗaga kai ba. In na tambaya a ce ba ni da kunya.”

Bik ɗin Najaha na gudu a kan takarda.

“Washegari na ce wa uwar mijina daddawa ta ƙare, kuma ta Icirnawa ta fi daɗi. Na tafi a ƙafa. Bayan kwana biyu na ce ta sake ƙarewa. Sau biyar na yi a cikin kwana goma sha biyu. Daddawa ta cika tukunya, ɗakina ba ya shiguwa don wari, har bayan shekara muna cin ta. Tsohuwar nan ta gane sarai, Allah ya ji ƙanta, ba ta taɓa cewa komai ba. A karo na huɗu ma ita ta ce, ‘Kamar daddawar nan ta yi ƙasa.’”

Najaha ta yi dariya cikin hawaye. Hajiya ma bakinta ya motsa kaɗan.

“In na je sai in zauna nesa da shi kamar baƙuwa. Uwata kuma sai ta ɗauki tulu ta ce za ta rijiya, alhali randa cike take. Tana fita in ɗauke shi. Jikinsa kamar garwashi, idanu a rufe. In sa bakina a kunnensa in yi ta kiran sunan nan, in yi ta kira, har in ji motsin tulu. Ya ce bai taɓa ji ba. Yaya zai tuna, yana can tsakanin rai da mutuwa?”

Ta goge ido da bakin mayafi cikin sauri kamar mai korar ƙuda.

“Ki rubuta wannan ma. 'Ya'ya bakwai na haifa. Duk sujadar da na yi tun ranar da ya zo duniya, sunansa nake fara kai wa Ubangiji kafin na sauran. Allah ya san sunan nan a bakina. Tsinto shi aka yi, wai. Ni da na kusa mutuwa a kansa.”

Najaha ta kasa ci gaba. Ta ajiye bik ta kama hannun tsohuwar, ta manta da wata surukuta.

“Hajiya, in sa shi a cikin babin?”

“To don me na ce ki rubuta? Ki bar naki, ki ɗora nawa a kai. 'Yan zamani su kira nasu, ban hana ba. Amma su san mu ma ba duwatsu ba ne. Kwance mini abin nan, hannuna ya mutu.”

Najaha na cikin kwancewa sai suka ji wani sauti a bayan taga, kamar mutum na ƙoƙarin danne tari ya gagara. Hajiya ta miƙe ta leƙa.

Sa'adu ne tsugune a gindin bango, ƙato da shi, ya cusa fuska cikin hula, kafaɗunsa na rawa. Ashe bai je ko'ina ba. Matan awo kuma sun yi cirko-cirko daga nesa suna kallon malamin 'ya'yansu.

“La'ilaha illallahu,” in ji Hajiya. Ta ja mayafi ta rufe fuska ruf, ta juya wa tagar baya. “Tun yaushe wancan yake nan?”

Daga waje murya ta zo a shaƙe. “Tun daga daddawa, Hajiya.”

“Ba da kai nake ba.”

Ta tsaya haka jim, bayanta ga taga, tana gyara mayafin da ba abin da ya same shi. Najaha na tsaye da kaye a ƙirji tana jira, don har yanzu ba a ce komai a kan goro ba, Juma'a kuwa jibi ce.

Hajiya ta nufi ƙofa, ta kama mariƙi, sannan ta waiwayo.

“Ke, 'yar nan. Tunda bakinki ba ya jin nauyin sunan kowa, leƙa ki kira shi. Ki ce ya share fuskar nan, yana ba ni kunya a gaban mata. In ya sauke ni gida ya wuce wurin baffanninsa, gobe da hantsi su kai goro gidanku. Fari nake so, manya, kada su kwaso mini na tasha.”